Kafin A Tashe Mu Daga Bakin Kwari, A Zauna Da Mu

 

Maganar kwari ce ta tara mu yau. Wanda ke zaune a Malam Inna ko Arawa ko Kagarawal, ba sai an ba shi labari ba. Garin Gombe a cikin kwano yake, ƙasarsa kuwa yashi ce. Ga shi yanayi ya sauya, ruwan da a da kan sauka a hankali, yanzu dare ɗaya yake zubowa, ya ci ƙasa ya tafi da katanga. Ba mu manta da ambaliyar 2004 da rayukan da ta ci ba.

Gwamnati ta yi ƙoƙari, ba ma musu. Da tallafin Bankin Duniya, shirin NEWMAP ya gyara kwarin da ya tashi daga Jami'ar Jihar Gombe zuwa Malam Inna, a ƙarshen 2023 kuma aka ƙaddamar da aikin kwarin FCE a ƙarƙashin ACReSAL. To, irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai wasu gidaje sun tashi. Tashi kuwa ba baƙon abu ba ne a nan, don fadar Gombe kanta daga Gombe Abba ta koma Nafada a 1913, sannan ta dawo nan a 1919.

Abin da muke tsoro shi ne ranar ƙidaya. Mu faɗi gaskiya, da yawanmu mun sayi fili a bakin kwari ne saboda can kuɗinmu ya kai. Takardarmu ta ciniki ce, mai sa hannun mai unguwa da shaidu biyu, wata ma ruwa ya cinye ta. Ma'aikaci zai auna ɗaki ya rubuta sunan mai gida. Ɗan haya fa? Matar da mijinta ya rasu, gado bai rabu ba? Wadda ke sayar da ƙosai a ƙofar gida, masu cinikinta duk maƙwabta ne? Tef ɗin awo ba ya ganin waɗannan, mu ne muka san su.

Saboda haka muna roƙon a sa mutanenmu, har da mata, cikin masu zagayawa, a kuma karanta sunaye a bainar jama'a kafin a biya diyya. In za a ba da fili, a kai mu mu gani da damina, kada a ɗauke mu daga bakin wani kwari a ajiye a bakin wani. A bar maƙwabta su tashi tare, kusa da hanyar kasuwa.

Namu aikin kuwa, kowa ya nemo takardarsa ya kawo wa sakatare. Wanda tasa ta ɓata, ya zo da shaidunsa tun suna da rai.

Wassalamu alaikum.