Taskar Umaru Falke da Aikin da Ke Jiranmu a Daura

Jawabin da aka gabatar wa 'yan reshen ƙungiyar malamai a Kusugu, Daura

 

An nemi mu yi magana a kan ilimin kula da ɗakunan karatu, fannin da wasunmu ke ɗauka jera littattafai ne a kan kanta kawai. Mun zaɓi mu bi ta kan aikin malami guda, Farfesa Abdullahi Mohammed na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, saboda bincikensa ya shafi abin da ke ajiye a zaurukanmu.

Wannan fanni bai daɗe a ƙasarmu ba. Wajajen 1960 aka fara horar da ma'aikatan laburare a Ibadan. A 1963 wani masani mai suna F. A. Sharr, da ya zo daga Ostireliya, ya rubuta rahoto kan bukatun Jihar Arewa ta fuskar ɗakunan karatu, kuma a 1968 Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashen koyar da fannin. Littattafan da ake koyarwa da su a lokacin daga Ingila da Amurka suke, kuma laburaren da suka sani shi ne gini na hukuma mai cike da littattafan ɗab'i. Da wannan ma'auni, sai a ce ƙasar Hausa ba ta san laburare ba sai da Turawa suka zo.

Abdullahi Mohammed ya ɗauki wata hanyar. A 1978 ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Northwestern da ke Evanston, kusa da Chicago, da nazari kan taskar littattafan wani Bakano, Alhaji Umaru Falke, wanda aka haifa a 1893 ya rasu a 1962. Falke malami ne, ɗan ɗariƙar Tijjaniyya, kuma kamar yadda laƙabinsa ya nuna, bafatake ne mai bin kasuwannin Afirka ta Yamma. Yana ciniki yana karatu, yana saye yana kwafa, har ya bar rubuce-rubuce sama da dubu uku, galibi da Larabci, wasu da Hausa cikin ajami. Akwai fiƙihu da tauhidi da nahawu, akwai waƙoƙi da wasiƙu, akwai magunguna da addu'o'i. Bayan rasuwarsa taskar ta koma ɗakin karatun Herskovits na waccan jami'a, inda take har yau.

Abin da mai binciken ya yi shi ne ya bi rayuwar mai taskar, fataucinsa da neman iliminsa, sannan ya dubi littattafan da idon ma'aikacin laburare: wane fanni ya fi yawa, su wa suka wallafa, me mutumin yake karantawa. Da haka ya nuna cewa gafakar malamin zaure laburare ce cikakkiya, mai tsari da manufa, wadda ta cancanci a yi mata kundi kamar kowace. Masu nazarin tarihin ilimi a Kano da ma Afirka ta Yamma suna ambaton wannan aiki har gobe, kuma sashen da ya koyar a Zariya ya yaye da yawa daga cikin waɗanda ke riƙe da ɗakunan karatun Arewa.

A nan akwai abin alfahari, akwai kuma abin da ke sosa rai. Takardun Falke sun tsira domin an ƙirga su, an rubuta sunayensu, an adana su. Amma ɗalibin Kano da ke son ya taɓa su da hannunsa sai ya ƙetare teku. Abin da mai shi bai san darajarsa ba, ko dai gara ta ci, ko baƙo ya ɗauka.

To, mu dawo gida. Daura ba baƙuwar alƙalami ba ce. Girgam ɗin sarakunanmu a rubuce yake, H. R. Palmer ya buga labarinsa a 1928, kuma M. G. Smith ya fitar da littafinsa kan al'amuran Daura a 1978, shekarar da aka kammala nazarin Falke. Ban da abin da ke fada, gidajen limamai da alƙalai da alarammomi suna da nasu. Waɗannan littattafai warƙoƙi ne marasa ɗinki, kalmar da marubuci ke sawa a ƙasan shafi ce kaɗai ke nuna wanda ke biye. Idan aka zo rabon gado aka kasa littafi gida uku, an rasa shi ke nan, ko da kowane magaji ya riƙe rabonsa da amana. Ga gara, ga ɗanshin damina, ga ɓera.

Makarantunmu na boko ma ba su tsira ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi ɗakin karatu ga makarantu, amma mun san inda ya zama ma'ajiyar karyayyun kujeru, da inda littattafan ke cikin kwali a kulle don tsoron kada su ɓace. Mu da muka tashi a gindin rijiyar Kusugu mun fi kowa sanin halin garin da ke da ruwa amma ba a ɗiba sai ranar Juma'a.

Saboda haka muna roƙon abu uku. Na farko, kowace makaranta ta sami rajistar littattafanta da malami guda mai alhakinta, a kuma ware sa'ar karatu a jadawalin mako. Na biyu, duk wanda gidansu ke da rubutun hannu ya nemi izinin manya ya yi masa jeri: sunan littafi, mawallafi, wanda ya kwafa, yawan warƙoƙi, farkon nassi da ƙarshensa, sannan ya ɗauki hoton kowane shafi da waya. Kada a manna salatif, kada a rufe da leda, a ɗaga shi daga ƙasa. Na uku, reshe ya tara waɗannan jeri a kundi guda, littattafan kuwa su zauna a hannun masu su, domin idan muka je wa Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina ko Gidan Arewa na Kaduna neman taimako, mu je da shaida a hannu.

Wannan aiki ba ya jiran kasafin kuɗi. Littafin rubutu guda da biro da haƙuri sun isa a fara, kuma ba wanda ya fi malamin makaranta sanin riƙon rajista.

Allah ya jiƙan malamanmu da suka rubuta suka bar mana, ya ba mu ikon miƙa wa na baya.