Zaɓen Shari'ar Kotun Ƙoli Domin Rubuta Takardar Nazari



Idan aka ce wa ɗalibi ya zaɓi shari'a guda daga cikin waɗanda Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke ya yi rubutu a kanta, galibi sai ya ruga wajen wadda ta fi amo a jaridu. Amo kuwa bai isa dalili ba. Abin da ya kamata ya fara dubawa shi ne ko akwai gardama ta gaske a cikin hukuncin, watau tambaya guda wadda masana za su iya saɓawa a kanta, kowa da hujjarsa. Sa'an nan ya tabbatar ita ce ta yanke magana ta ƙarshe, domin kafin 1963 akan ɗaukaka ƙara daga nan har Ingila.

Alal misali, a ɗauki shari'ar Awolowo da Shagari. An yi zaɓen shugaban ƙasa ran 11 ga Agusta, 1979, lokacin jihohi 19 ne. Doka ta ce bayan rinjayen ƙuri'u, wajibi ne ɗan takara ya sami rubu'in ƙuri'un da aka kaɗa a aƙalla sulusi biyu na jihohin. Alhaji Shehu Shagari ya sami rinjaye, ya kuma sami rubu'i a jihohi 12, amma a Kano abin da ya samu bai cika kashi 20 cikin ɗari ba. To, nawa ne sulusi biyu na 19? Cif Obafemi Awolowo ya ce 13 ne, domin jiha ba ƙwarya ba ce balle a fasa ta a ɗauki sakaina. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce 12 ne da sulusi biyu, saboda haka a ware sulusi biyu na ƙuri'un Kano, a nemi rubu'insu. Da aka bi wannan lissafi, Shagari ya haye.

Ran 26 ga Satumba, kwana biyar kafin soja su miƙa mulki, kotu ta tabbatar masa da nasara, Babban Joji Atanda Fatai-Williams na shugabanta. Alƙalai bakwai ne suka zauna, Mai Shari'a Kayode Eso kaɗai ya ce a karɓi ƙarar. Nan ne dukiyar ɗalibi take. Ra'ayin alƙalin da ya saɓa wa 'yan'uwansa yakan nuna inda ɗinkin masu rinjaye ya yi sako-sako, kuma wanda ya karanta ɓangarorin biyu ya sami abin aunawa. Haƙiƙa har ɗalibin harshe yana da rabo a nan, domin rigimar duka a kan ma'anar kalmar jiha take: ƙasa ce mai iyaka, ko kuwa taron masu jefa ƙuri'a?

Sai dai shahararriyar shari'a tana da nata tarko. An yi ta rubutu a kanta shekara da shekaru, kuma ɗalibi yakan shigo da ra'ayin siyasar gidansu, ya yanke hukunci tun bai buɗe shafin farko ba. Wanda ya ji ba zai iya ajiye wannan kaya a bakin ƙofa ba, gara ya nemi wata. Ga ta Alkamawa da Bello ta 1998, wadda ta taso daga Sakkwato a kan cinikin gida da haƙƙin shufu'a, inda kotu ta bayyana cewa shari'ar Musulunci daban take da dokar al'ada. Jaridu ba su cika ambatonta ba, alhali ta shafi duk mai gida da maƙwabci.

Kowacce aka zaɓa, a nemo cikakken hukuncin a littattafan rahoton shari'u, a karanta abin da kowane alƙali ya rubuta da hannunsa. Taƙaitawar da akan sa a farkon rahoto aikin mai tsara littafin ne, kuma kotu ba ta ɗaure da ita.