Baƙin Ciki Da Taurin Bayan Gida: Jawabi Ga Ɗaliban Yaƙi Da Jahilci



Bahaushe ya ce farin ciki, ya ce baƙin ciki. Murna da damuwa duka a ciki ya ajiye su. Likitoci sun tabbatar da cewa akwai gaskiya a wannan magana. Akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta sauka har zuwa hanji. Ta wannan jijiya kai da ciki suke aika wa juna saƙo dare da rana. Shi ya sa mai jin tsoro cikinsa kan ɗuri ruwa, wani har ya yi zawo.

Ana cewa mutum yana da taurin bayan gida idan bai kai sau 3 yana zagayawa a mako ba, ko kuwa bayan gidan ya bushe, sai da nishi da yunƙuri. Idan abin ya kai wata 3, ya zama ciwo mai daɗewa.

Ta yaya damuwa take kawo shi? Manomin da bashi ya yi wa katutu, ko matar da aka yi wa rasuwa, ba sa cin abinci sosai, ba sa shan ruwa, ba sa barci, ba sa son motsi. Sai hanji ya rage aiki. Abin da ya daɗe a hanji kuwa ruwansa tsotsewa yake yi, ya ƙara tauri. Haka amarya a sabon gida: kunyar surukai kan sa ta riƙe bayan gida har dare, a hankali jiki ya saba da riƙewa.

Abin kuma yakan juyo ta baya. Wanda cikinsa ya cushe, ya kumbura, kullum cikin ƙunci yake. Ya yi ta tunanin ko an yi masa sammu ne. Tunanin ya ƙara ɗaure cikin, cikin ya ƙara tunanin. Yawan yunƙuri kuma yana kawo basir.

Wasu magunguna ma suna jawo shi, kamar tiramol da kodin. Gwamnatin Nijeriya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi a shekarar 2018. Ƙwayar ƙarin jini ta masu juna biyu da wasu magungunan ciwon damuwa su ma suna busar da bayan gida. Kada wanda likita ya rubuta wa magani ya daina sha da kansa. Ya koma ya yi bayani.

To, mene ne abin yi?

Na ɗaya, a yawaita cin wake, zogale, rama, kuɓewa, miyar kuka, gwanda da mangwaro. Kada a cire wa gero da dawa dusarsu ƙarƙaf.

Na biyu, a sha ruwa mai tsabta da yawa, musamman da bazara.

Na uku, a riƙa tafiya a ƙasa, kuma da zarar an ji bayan gida a tafi. Kowane magidanci ya gina masai a gidansa.

Na huɗu, a rage dogaro da filasko da maganin wankin ciki na 'yan talla. Suna sauƙaƙa na yau, amma ba sa taɓa tushen ciwon.

Na biyar, wanda damuwa ta hana shi barci da aiki har mako 2 ya gaya wa ma'aikacin lafiya duka biyun, na ciki da na zuciya. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma ba a ɓoye wa likita ciwo. Damuwa ba hauka ba ce, kuma tana da magani. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna, Kware, Maiduguri da Dawanau a Kano.

A garzaya asibiti ba tare da jira ba idan an ga jini a bayan gida, ko mutum yana ramewa ba dalili, ko ciki ya kumbura da amai kuma ko tusa ba ta fita. Wanda zuciyarsa ke raya masa ya kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi a ranar.

Wanda ya karanta wannan ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah Ya ba mu lafiya da kwanciyar hankali, amin.