Kwalejin Barewa: Baƙuwar Da Ta Zama ’Yar Gida

An ɗora mana nauyin cewa wani abu game da Kwalejin Barewa, alhali mu ba ɗalibanta ba ne. Mu ’yan kwalejin horon malamai ne, amma mun share shekaru muna shirya yara domin jarrabawar shigarta, don haka muna ganin bakinmu bai yi kaɗan ba.

Abu na farko da ya kamata matasanmu su sani shi ne, ba a Zariya aka yanke wa makarantar nan cibiya ba. A Katsina aka kafa ta a 1921, zamanin Gwamna Clifford, wanda ya yi bikin buɗe ta a 1922. Manufarta a lokacin ita ce horar da malaman da za su koyar a makarantun lardunan Arewa, kuma ɗalibi kan yi shekara 5 kafin ya fita. A can Sardauna Ahmadu Bello ya yi karatu daga 1926 zuwa 1931, Abubakar Imam daga 1927 zuwa 1932, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma daga 1928 zuwa 1933. Tsohon ginin nata na ƙasa yana cikin kayan tarihin da ake adanawa a Katsina. A 1938 aka mayar da ita Kaduna, inda Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari suka yi karatu a cikinta. Sai a 1949 ta yi ƙaura ta ƙarshe zuwa Zariya. Ta amsa sunan Sakandaren Gwamnati, a 1956 ta koma Kwalejin Gwamnati, sannan a 1971 aka raɗa mata sunan Barewa.

Kowa ya haddace cewa shugabannin Nijeriya 5 sun bi ta cikinta: Tafawa Ɓalewa, da Janar Yakubu Gowon, da Janar Murtala Muhammed, da Shagari, da Umaru Musa ’Yar’aduwa. Ba mu raina wannan lissafi ba, amma an maimaita shi har ya fara zama waƙa. Mu abin da ya fi jan hankalinmu shi ne wurin da aka ajiye ta.

Da aka kawo ta, ba a shigar da ita cikin ganuwa ba. An ba ta fili mai faɗi a bayan gari, a gefen Gaskiya, maƙwabtaka da kamfanin ɗab’in da aka kafa a 1945, wanda ya riƙa buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ku dubi wannan haɗi: a ɓangare guda ana buga littafi, a ɗaya ɓangaren ana renon masu karanta shi. Dattawanmu sun ba mu labarin cewa a wancan zamani yankin gonaki ne da fako. Yau gari ya bi ta ya cim mata, gidaje da shaguna sun kewaye ta.

Duk wanda ya shiga harabarta, ya tsaya ya karanta sunayen gidajen kwanan ɗalibai, domin tarihin ilmin zamani a Arewa ne aka rubuta a jikin bango. Akwai gidan Lugard da na Clifford. Akwai na Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909. Akwai na Malam Smith da na Mort, Turawan da suka yi aikin ilmi a Arewa. Sannan ga namu: gidan Bello Kagara, marubucin Ganɗoki, wanda ya koyar a kwalejin tun tana Katsina, ga na Nagwamatse, ga na Sulaimanu Barau, Sarkin Abuja, ga kuma na Ja’afaru, Sarkin Zazzau daga 1937 zuwa 1959, wanda a zamaninsa ne makarantar ta sauka a ƙasarsa. Mun sha tambayar yara ko wane ne Bello Kagara, su yi mana zuru, ga shi kuwa sunansa suke ji kullum. Laifin namu ne malamai, ba nasu ba.

To, ina aka kwana? Tun daga shirin ilmin firamare kyauta na 1976 yara suka yi wa sakandaren gwamnati yawa, matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan 1986 kuma ya kori ƙwararrun malamai da dama daga aji. Babu makarantar kwana a Arewa da wannan guguwa ta ƙyale. Mu kuma da muka samu sukuni a Kaduna da Abuja da Legas, sai muka kwashe ’ya’yanmu muka kai makarantun kuɗi, muka bar ta gwamnati ga ɗan manomi da ɗan mai faci. A 2021 Barewa ta cika shekara 100, kuma sama da 70 daga ciki a Zariya ta yi su. Duk da haka, da yawa daga cikinmu na ganin sha’aninta na gwamnatin jiha ne da ƙungiyar tsofaffin ɗalibanta ta BOBA. Su suna nasu ƙoƙari, amma tsohon ɗalibi zuwa yake ya koma. Maƙwabci shi ke jin kukan dare.

Saboda haka muna roƙon kwamitin ilmi na wannan ƙungiya ya nemi izinin shugaban makarantar, ya kai ziyara kafin taronmu na baɗi, ya zaga azuzuwa da ɗakunan gwaje-gwajen kimiyya da gidajen kwana da kicin, ya kuma binciko ko yara nawa ne daga firamarorin birni da ƙauyukanmu ke samun shiga kowace shekara. A kawo mana rahoton a rubuce. Mu tsofaffin malamai mun ɗauki alkawarin shirya wa yaran aji 6 darasin share fage kyauta a lokacin hutu, in dai ƙungiya za ta sayi alli da littattafai.