Littattafan Da Masu Tara Kayan Tarihin Wasanni Ke Dogara Da Su

A cikin watan Mayu na 2022, kamfanin Sotheby's ya yi gwanjon wata shuɗiyar riga, aka saye ta fam miliyan 7 da 'yan kai. Rigar Diego Maradona ce, ta ranar da Ajantina ta ci Ingila biyu da ɗaya a Meziko a 1986, wadda ya yi musayarta da ɗan wasan Ingila Steve Hodge bayan an tashi. Amma tun ba a rufe gwanjon ba, sai 'yar Maradona ta ce ai riguna biyu mahaifinta ya sa ran nan, wannan kuwa ta kafin hutun rabin lokaci ce, ba wadda ya ci ƙwallayen nan biyu da ita ba. Masu gwanjo suka amsa cewa sun sa ƙwararru sun gwada ta da hotunan wasan, sun tabbatar ita ce. Watau a wannan ciniki shaida a ke saye, ba yadi ba. Mai ƙaramin ƙarfi, wanda ba shi da halin ɗaukar ƙwararru, littattafai ne madogararsa.

Wanda ya kafa harsashin irin waɗannan littattafai a Amurka shi ne Jefferson Burdick, wani ma'aikacin masana'antar kayan lantarki a garin Syracuse. Tun kafin zamaninsa kamfanonin taba da na alewa su kan sa 'yan katuna masu hoton 'yan wasa cikin kwalayensu, ba kuwa wanda ya damu ya lissafa su. A 1939 Burdick ya buga littafin da daga baya aka sani da suna American Card Catalog, inda ya ba kowane rukuni harafi da lamba. Harafin T, alal misali, na katunan taba ne na ƙarni na 20. Ya ba gidan tarihi na Metropolitan a New York katuna wajen 300,000, ya kuma shafe shekaru yana liƙa su cikin kundaye da hannunsa, ga shi kuwa ciwon gaɓoɓi ya ci ƙarfinsa. Ya gama a farkon 1963, ya rasu a wannan shekara. Har yau da lambobinsa a ke ciniki.

Mafi shahara a cikinsu ita ce T206, rukunin da ya fito tsakanin 1909 da 1911. A ciki ne a ke samun katin ɗan wasan besbol Honus Wagner, wanda aka daina bugawa da wuri, don haka kaɗan ne suka rage. A 2022 an sayar da guda ɗaya dala miliyan 7.25. To, amma akwai wani katin na Wagner da ya fi sauran kyan gefe da kusurwa, aka yi ta cinikinsa da tsada. A 2007 wasu 'yan jarida biyu, Michael O'Keeffe da Teri Thompson, suka fito da littafi mai suna The Card, suka kawo hujjojin cewa datse gefensa aka yi don ya yi kamar sabo. A 2013 dillalin nan Bill Mastro ya amsa a gaban kotu cewa shi ya datse shi. Wanda ya karanta littafin ya riga kotu sani da shekara shida.

Littafin farashi kuwa wani abu ne dabam. James Beckett, malamin ilmin ƙididdiga, shi da Dennis Eckes suka buga nasu a 1979, suka nuna cewa kuɗin kati ya danganta ga lafiyarsa: ko ya lanƙwashe, ko ya koɗe. Yana da amfani, sai dai irinsa ya fi kowane littafi saurin tsufa. Waɗanda suka ruɗu da farashin ƙarshen shekarun 1980 suka tara katuna kwali-kwali sun yi asara, domin kamfanoni sun buga su fiye da kima, yau yawancinsu ba su da wata daraja.

A Ingila hankali ya fi karkata ga tikiti da 'yan littattafan da a ke sayarwa a bakin fili ranar wasa. A nan littattafan shekara-shekara ne ke raba gardama. Wisden, na wasan kurket, ya fara fitowa a 1864, ko yaƙin duniya na ɗaya da na biyu ba su hana shi fita ba. Na ƙwallon ƙafa, wanda aka sani da Rothmans, ya soma a 1970. Idan aka kawo wa mutum takarda mai sa hannun 'yan wasa goma sha ɗaya, sai ya buɗe ya duba ko duka sun buga ranar. Abin mamaki, tsofaffin Wisden ɗin su kansu sun zama abin tarawa, har an sake buga na farko-farkon daidai da kamanninsu. Haka kuma ɗan littafin wasan ƙarshe na cin kofin duniya na 1966 a Wembley, an sake buga shi, mai saye kuwa dole ya san na asali da na baya. Mai tara kan sarki shi ya fi kowa samun sauƙi, gama kundin Stanley Gibbons yana nan tun 1865, a ciki zai tarar da guda 12 da Girka ta buga saboda wasannin Olamfik na 1896.

Inda littattafan nan suka gaza shi ne Afirka. A 1949 'yan ƙwallon Nijeriya suka zo Ingila suka yi wasa tara, galibinsu ba takalmi, suka ci kulob ɗin Marine biyar da biyu a wasan farko. Mai sauraron da ya ci karo da tikiti ko takardar wannan rangadi a kasuwar tsofaffin kaya, Burdick da Beckett ba za su taimake shi ba. Sai ya nufi ɗakin karatu na British Library a London, ya nemi jaridun watan Agusta da Satumba na shekarar, ya gwada kwanan wata da sunayen 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya.