Matsayin Ilmin Ƙididdiga a Karatun Digiri na Uku na Aikin Jinya



Jama'a da yawa sun ɗauka cewa aikin jinya tausayi ne da ƙwarewar hannu kurum, babu ruwansa da lissafi. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. A shekarar 1854 Florence Nightingale ta isa asibitin sojan Birtaniya da ke Scutari, a ƙasar Turkiyya, lokacin yaƙin Kirimiya. Da yaƙin ya ƙare, sai ta tattara alƙaluman mace-mace, ta nuna cewa cututtukan da ƙazanta ke haddasawa sun kashe sojoji fiye da raunukan fagen fama. Da waɗannan alƙaluma ne ta shawo kan hukuma aka gyara asibitocin soja.

A Amurka, digiri na uku na jinya ya kasu kashi biyu. Akwai PhD, na masu ƙirƙiro sabon ilmi ta hanyar bincike. Akwai kuma DNP, wanda ƙungiyar kwalejojin jinya ta ƙasar ta amince da shi a 2004, domin masu aiki da sakamakon bincike a gefen gadon majinyaci. Na farko dole ya iya tsara bincike, na biyu kuwa dole ya iya tantance shi. Dukansu ba su da makawa sai da ilmin ƙididdiga.

Ga misali. A 2002 Linda Aiken da abokan aikinta suka binciki asibitoci 168 a jihar Pennsylvania. Suka gano cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas, haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata, cikin kwana 30, yakan ƙaru da kashi 7 cikin 100. Kafin su kai ga wannan, sai da suka yi la'akari da tsananin ciwon kowane majinyaci da girman kowane asibiti, domin asibitin da ake kai wa masu ciwo mai tsanani zai fi yawan mamata ko da ma'aikatansa sun wadata.

A nan gizo ke saƙar. Kwamfuta tana fitar da amsa nan take, amma ba ta san ko tambayar daidai take ba. Ɗalibin da aka koya wa danna na'ura ba tare da fahimtar dalili ba, zai iya ɗora wa asibiti laifin da ba nasa ba, ko ya wanke wanda ke da laifi. Saboda haka wajibi ne jami'o'i su koyar da ƙididdiga tun farkon karatu, da ainihin bayanan asibiti, kada a bari sai lokacin rubuta kundi. Ma'aikatan da ke tsara kasafin lafiya kuwa, su tuna cewa kowane adadi a takarda ran mutum ne.