Ruwan kwatar masana'anta: shaidar da hukumomi suka ƙi saurara

Lokaci gajere ne, a shiga magana.

Ba sai an ba wannan zaure labarin tiramol da kodin ba. Kowa a nan ya haddace alƙaluman binciken 2018 da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi: mutum miliyan 14.3 ke ta'ammali da su a Najeriya, miliyan 4.6 na shan irin su tiramol ba da umarnin likita ba. Tambayar da ta dami mai wannan lacca ita ce nawa ne a cikinsu ke riƙe da sitiyarin tankar mai, ko ke kan injin fasa dutse, ko ke sauka ramin haƙar ma'adinai. Amsar hukumomi guda ɗaya ce kullum: a miƙa wa kowane ma'aikaci kwalba ya yi fitsari. Mai wannan lacca ya daɗe yana cewa wannan hanya ba ta isa ba, yau ma haka zai ce.

Hujjarsa tana ƙasar Italiya. A 2001 wani masani a hukumar kare muhalli ta Amurka, Christian Daughton, ya kawo shawarar cewa tun da duk abin da mutum ya sha sai ya fita ta fitsari, to a auna ruwan najasar gari a gane abin da garin ke sha. A 2005 Ettore Zuccato da abokan aikinsa na Cibiyar Mario Negri da ke Milan suka gwada. Sun ɗebi ruwan Kogin Po, inda ruwan kwatar mutum kusan miliyan 5 ke malala, suka nemi sinadarin da jiki ke fitarwa bayan ya sarrafa hodar iblis. A lura da wannan: sinadarin shaida ne cewa hodar ta ratsa jikin ɗan Adam, domin wadda dillali ya zubar a masai don gudun 'yan sanda ba haka take fitowa ba. Lissafinsu ya nuna kogin na ɗauke da kwatankwacin kilo 4 na hodar a kowace rana, wato sha kusan 40,000 a yini. Alƙaluman hukuma kuwa, waɗanda aka samu ta hanyar tambayar mutane, sun nuna kusan 15,000 ne a wata. A yini ga 40,000, a wata ga 15,000. Wannan tazara ita ce girman abin da mutane ke ɓoyewa in aka tsare su da takarda da biro, kuma namu binciken na 2018 ma da tambaya aka yi shi.

Daga nan abin ya bazu. Tun 2011 biranen Turai ke auna ruwansu tare a kowace shekara, Ostireliya ta soma shirinta na ƙasa a 2016. Bayanan Turai sun koyar da wani abu da ya shafi wurin aiki kai tsaye: hodar iblis da ƙwayar rawa suna tashi a ƙarshen mako, amma metamfetamin tana tafiya kusan daidai daga Litinin zuwa Lahadi. Ƙwayar da ba ta san ranar hutu ba, ta masu dogaro da ita ce. Idan ruwan sansanin ma'aikata ya nuna tiramol na hawa a makon aikin dare yana sauka bayansa, to mai kamfani ya dubi jadawalin aikinsa kafin ya dubi tarbiyyar yaransa.

Ba a musun haɗarin shan ƙwaya a bakin aiki. A Janairun 1987, a Chase da ke jihar Maryland, direban jirgin ƙasa da ya sha wiwi ya tsallake alamar tsayawa, jirgin fasinja ya afka masa, mutum 16 suka rasu. Wannan na cikin abin da ya kai Amurka ga dokar 1991 ta gwajin ma'aikatan sufuri. Gwajin mutum ɗaya ɗaya yana da gurbinsa, musamman bayan haɗari. Sai dai a nan gida kowa ya san yadda ake yi da shi: labari ya fita tun kafin ranar, wani ya ɗauki hutun rashin lafiya, wani ya zo da fitsarin ƙaninsa a leda. Ruwan sokawe kuwa na kowa ne, har da manaja.

Abokan aiki suna kawo ƙorafi biyu. Na farko, wai ba mu da bututun najasa irin na Turai. Masana'anta da bariki da sansanin ma'aikata suna da ramin najasa nasu, kuma ɗiban ruwan kwata ba baƙon abu ba ne a nan: tun 2011 ake yin sa a Kano don neman ƙwayar cutar shan inna, da ma'aikatanmu da bokitansu. Na biyu, wai za a ci zarafin ma'aikata. Wannan yana da ƙamshin gaskiya, masanan Turai da Ostireliya ma sun yi gargaɗi a kan auna ƙananan wurare irin gidan yari da makaranta. Maganinsa ƙa'ida ce: kada a auna wurin da mutane suka yi ƙarancin da za a iya nuna wani da yatsa, kuma kada a kori kowa da sakamakon ruwa.

Taka-tsantsan na gaske yana wajen fassara sakamako. A 2013 wasu masana suka sanar cewa sun gano tiramol a saiwar tafashiya a Kamaru, har aka ce itacen ne ke yin sa. A 2014 tawagar Michael Spiteller ta Jami'ar Dortmund ta kawo hujjar cewa a arewacin ƙasar daga fitsarin mutane da na shanun da ake ɗura wa ƙwayar ya shiga ƙasa da ruwa. Saboda haka kwatar da ta haɗu da ta mayanka ko ta asibiti ba wurin ɗiba ba ce. Tiramol da kodin kuma magunguna ne, wani mai shan su likita ne ya rubuta masa.

Kiran yana zuwa ga Ma'aikatar Ƙwadago da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA da jami'o'inmu. A zaɓi 'yan manyan wuraren aiki, a auna ruwansu na shekara guda da sani da yardar ƙungiyar ma'aikata, a miƙa sakamakon ga likitan kamfani da shugabannin ƙungiya a rana ɗaya. Inda aka ga ƙwaya ta yi yawa, a fara da rage awannin aiki da buɗe ƙofar magani ba tare da barazanar kora ba. Jami'o'i kuma su nemi kuɗin na'urar awon, su daina jiran a aika samfur Turai.